Shekarar da Aka Yi wa Hanya Kunya

Har yau in na shiga kasuwar Kafanchan ba a rasa wata mai tumatir ko wani tsohon ɗan okada da zai ɗaga murya ya gaishe ni da Malama Kunya. Nakan amsa, don sunan ya riga ya bi ni, har fasto ya taɓa yin suɓutar baki ya faɗe shi a gaban ikkilisiya. Ku 'ya'yana kuwa na lura duk sa'ad da aka kira ni haka sai ku sunkuyar da kai, kamar wani abin fallasa na aikata a ƙuruciya. Kowannenku da labarin da ya tsinta a bakin dangi. Wani ya ji ni na karya wa kawunku Bulus ƙafa, wata ta ji hukuma ce ta kore ni daga gari. To ga yadda abin ya faru, gwargwadon yadda na gane shi, kuma tun yanzu ina gaya muku ban gane shi duka ba.

Shekarar ce babanku ya bar aikin reluwe, ya zauna gida yana kwance rediyon da ba wanda ya ce masa ta lalace. Ku manya duk kun watse, wasu makaranta wasu wurin aiki, sai Ladi auta ta rage mana, tana aji uku a firamaren da nake koyarwa. Gidanmu yana wannan hannu, makaranta tana wancan, tsakaninsu wata hanyar jar ƙasa wadda da can awaki da masu tallan ƙosai kaɗai ke bin ta. Da babban titi ya fara cushewa da motoci da napep, sai 'yan okada suka gano hanyarmu yanke ce zuwa tasha. Daga nan muka rasa sukuni. Da safe yara suna tururuwa, ƙanana a ƙafa, manyan da ke zuwa daga bayan gari a kan kekuna da ƙannensu a baya, babura kuma suna ratsa su suna hon kamar su ne za su makara aji.

A cikin masu ratsawar har da Bulus. Ƙanena ne, ni na goye shi bayan rasuwar mamarmu, ni na kai shi har ya gama sakandare, da aiki ya ƙi samuwa ya hau okada. Ko bayan ya yi aure bai daina biyowa da yamma ya ci tuwon gidana ba, wai matarsa ba ta iya miyar karkashi ba. Duk ranar da na yi masa faɗan gudu sai ya yi dariya, ya ce wanda ya tafi a hankali yunwa ce za ta riga shi isa gida.

Ladi tana da wata ƙawa, Godiya, kullum tare suke tsallakawa riƙe da hannun juna. Wata safiya babur ya fizge Godiya daga hannunta. Ba Bulus ba ne, wannan ku riƙe shi da kyau, mai babur ɗin bai tsaya ba kuma ba a taɓa sanin ko wane ne ba. Godiya ta rayu, amma ƙugunta ya karye, daga asibiti kakanta Baba Kambai ya tafi da ita Fadan Kaje. Ladi ko ƙwarzane ba ta yi ba. Sai dai tun daga ranar ta kasa tsallaka hanyar. Za ta yi wanka, ta sa kayan makaranta, ta rataya jaka, mu fito tare, da mun iso bakin hanya sai ƙafafunta su ƙage, wani lokaci har ta yi amai. Mun yi addu'a, matan zumuntar coci sun zo sun ɗora mata hannu. Babanku ya gwada tsawa, ya ga ba ta yi ba, ya koma lallashi, har ya sayo mata keken da ta daɗe tana roƙo, keken ya tsaya a falo yana shan ƙura. Na goya ta na tsallaka da ita sau ɗaya, yara suka yi mata dariya, ta ce gara ta mutu da a sake. Haka ta zauna gida, tana hango makarantar ta taga, ni kuma ina koyar da 'ya'yan wasu, tawa tana zaune. Tsoron da ke cina shi ne kada zaman ya zame mata jiki, karatun ya tsaya ke nan.

Na yi yawon ofisoshi har takalmina ya cinye. Wannan ya ce hanyar ba a hannunsu take ba, in je can. Can suka ce in koma inda na fito. Wani mai kirki ya zaunar da ni, ya duba ya duba, ya ce a iya saninsu ma babu hanya a wurin, fili ne. Na fito ina tunanin to me ya karya Godiya, fili?

Sai hedimasta ya kira taron iyaye a gindin mangwaron ƙofar makaranta. A nan dole in gaya muku wani hali nawa da kuka sani. A Zariya na yi kwalejin malamai, cikin Hausawa, na dawo ina ji da Hausata. Shekara da shekaru ina gyara wa babanku “mace ya zo”, bai gyaru ba, ni ma ban gaji ba. Yawancin iyayen da suka zo taron kuwa manoma ne, Hausa ta kasuwa da ta coci suke yi, kowa da muryar yarensa a kai. Da aka ba ni magana na miƙe, raina a ɓace, na ce musu na gaji da jiran hukuma.

“Abin da hanyar nan ta rasa kunya ce,” na ce. “Da akwai kunya, ba wanda zai yi gudu a gaban yara. Mu iyaye mu ne za mu sa kunya a hanyar nan.”

Abin da nake nufi a fili yake, a ganina. Masu baburan nan 'ya'yanmu ne, mu muka yi musu baftisma muka ci shinkafar aurensu. In iyaye mata suka sa zanen zumunta suka jeru a bakin hanya da safe, wane yaro ne zai murɗa babur a gaban uwarsa? Aka yi tafi, tafin da ya fi ƙarfin maganar, har na ji daɗi na ce a raina yau Hausata ta yi aiki. Baba Kambai, wanda ya zo takanas daga Fadan Kaje, ya dogara sandarsa ya tashi.

“Malama ya faɗi gaskiya. To kunya nawa za a yi?”

Na ɗauka Hausar tsoho ce ta karkace, na yi murmushi na ce masa, “Baba, ai kunya ba ta yawa.”

Ya gyaɗa kai, ya waiwayi mazan da ke bayansa, suka yi magana da yare, sannan ya ce Asabar. Na koma gida ina shirya waƙoƙin da mata za su rera a bakin hanya.

Ku da kuka tashi a birni watakila sai na fassara muku. Akwai kunya ta jin nauyi, akwai kuma kunya ta gona, wato tudun ƙasar da ake jerawa da garma a shuka doya ko masara a kai. Bahaushe yana sauke murya a ƙarshen ta farko, ta biyun ya bar ta a sama, ko a cikin barci ba zai haɗa su ba. Mu nan kudu kuwa kowa yadda harshensa ya ɗauko yake ajiyewa. Ni na san wannan sarai, na ma taɓa koyar da shi a aji. Amma ko kusa bai zo mini a rai ba ranar.

Asabar da safe ganga ta tashe mu. Na fito da ɗaurin ƙirji na tarar an yi gayya a kan hanya. Maza sun jeru da garemani, mata sun ajiye bokitan kunu a inuwa, an riga an ja kunya ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, ana kan ta biyu. Ba ƙananan kunyoyin gyaɗa ba, irin na doya, masu kai wa gwiwa. Na juya wurin babanku na ce masa mutanen nan ba su fahimce ni ba, ya ce cikin raɗa, yana danne dariya, ai ni na ce musu ba ya yawa. Kafin in tattara hankalina fasto ya iso, ya cire hula, ya yi addu'a a kan aikin, ya gode wa Ubangiji da ya ba baiwarsa hikima. Baba Kambai ya zo da gumi yana tambayata ko tsayin ya yi ko a ƙara.

Na buɗe baki zan ce a dakata, sai ga babur na farko. Ya taho da gudunsa, ya hango tudu, ya taka birki har ƙura ta tashi, sannan ya hau a hankali yana tangaɗi, ya sauka, ya sake hawa ta gaba, fasinjarsa tana riƙe da kwandonta tana zaginsa. A bayana na ji wata dariya da na manta da ita. Ladi ce a bakin ƙofa. Na haɗiye maganata, na ce wa Baba Kambai tsayin ya yi.

Ba wanda ya tuna a zuba toka ko a kafa wata alama. Manomi bai saba sa wa kunyarsa alama ba, ni kuma kaina ba ya tare da ni. Bulus ya kai fasinja biki ƙauye tun asuba, bai ji ganga ba, bai ji labari ba. Da almuru ya biyo hanyar da ya fi sani a duniya, da gudun da ya saba, zai zo cin tuwona. Maƙwabta ne suka ɗauke shi. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu a ƙasan gwiwa. A asibiti, da ya farfaɗo ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, abokan sana'arsa suka ce masa yayarsa ce ta ba da umarni a gaban kowa. Da na shiga ya juya fuskarsa bango.

Ran Litinin Ladi ta shirya ba tare da an ce mata komai ba. Muka iso bakin hanya, ta tsaya, na ce a raina yau ma haka za mu koma. Sai ta saki hannuna, ta hau kan kunyar, ta buɗe hannuwa kamar yaran ƙauye a gona, ta bi bayan kunyar tiryan-tiryan har wancan gefe. Ba ta ko waiwayo ba. Na tsaya a wurin da kular abincin da zan kai asibiti bayan an tashi, ban san ko godiya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun, yara suna kallona.

Ana wata ga wata. Shugabannin 'yan okada suka kai ƙara, aka aiko cewa wani babba zai zo daga ofis ya ji wanda ya ba da izinin tare hanya. Hedimasta ya kira ni gefe ya ce abin mai sauƙi ne, in faɗi gaskiya, in ce mutanen ƙauye ne ba su ji Hausa ba, sai a ce kuskure ne, a kawo lebura su baje ƙasar, kowa ya huta. A gida babanku ma haka ya ce, kuma wannan karon ba dariya.

“Faɗi abin da kika nufa, Mama Ladi. Bulus zai ji cewa ba ke ba ne. Ɗan'uwa ya fi tudun ƙasa.”

Ya yi gaskiya, shi ya sa na ji haushinsa. In na faɗi abin da na nufa, na wanke kaina wurin ƙanena, amma za a baje kunyoyin, Ladi ta koma taga, laifin kuma ya faɗa kan tsohon da jikarsa ke kwance. In na ce ni na sa, na zama maƙaryaciya, ni da nake jagorar zumuntar mata, kuma na tabbatar wa Bulus abin da aka gaya masa. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya fi ruɗa ni ma, na fara shakkar kaina. Ina wanke-wanke ina maimaita kalmar, in sauke murya, in ɗaga, ina neman tuna yadda ta fito daga bakina a gindin mangwaro. Mutum fiye da ɗari sun ji ta gona. Ni kaɗai na ji ta jin nauyi. Shekarun da na yi da barin Zariya sun fi waɗanda na yi a cikinta nesa ba kusa ba, wa ya sani ko harshena ya koma gida ban sani ba?

Babban da ya zo Bahaushe ne, dattijo mai sanyin magana. Muka zauna a ofishin hedimasta, shi da shugaban 'yan okada da Baba Kambai da ni. Ya saurari kowa. Da alama hedimasta ya riga ya ɗan tsegunta masa, don da ya juyo kaina murmushi yake yi.

“Malama, kunya kika ce, ko kunya?”

A rubuce ɗaya suke, amma a bakinsa sun fito daban kamar gishiri da sukari. Ƙofa ce ya buɗe mini, na gane, saura in bi in fita. Lokacin hutun tara ne, ta taga ina jin hayaniyar yara, na hango Ladi tana tsallen igiya. Baba Kambai yana kallona, bai ma fahimci tambayar ba, don a kunnensa kalma ɗaya aka faɗa sau biyu.

“Ta gona na ce, ranka ya daɗe.”

Daga baya ya ce tunda shawarar taron iyaye ce, kuma malama ce ta kawo ta da saninta, ba zai sa a baje ba, amma a rage tsayi, a shafa farar ƙasa, a kafa alama. Shugaban 'yan okada ya fita bai yi mini sallama ba. A ƙarshen zangon aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makarantar ƙauye can wajen Kasuwan Magani. Ko horo ne, ko layina ne ya zo, har na yi ritaya ban sani ba, waɗanda na tambaya kowa da amsarsa. Wannan ita ce korar da kuka ji ana faɗi.

Na bar Ladi da babanku, ina zuwa gida in an yi albashi. Bulus ya fito asibiti da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ya sayar da babur. Abincin da na aika masa matarsa ta dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba. Na je gidansa aka ce yana barci, alhali ina jin tarinsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don yaron nan a bayana ya yi wayo. Sau da yawa na yi niyyar in aika masa cewa ba haka na nufa ba, sai in tuna na riga na faɗa a gaban hukuma cewa haka na nufa. Magana zarar bunu ce, ni kuma na zari biyu, ban san wacce zan mayar ba.

Damina ta zo, kun kuwa san ruwan Kafanchan ba ya wasa. Babanku ya gaya mini a waya cewa kunyoyin suna narkewa, manoma kuma kowa yana gonarsa, ba mai lokacin gayya. Daga baya ya ce sun tafi gaba ɗaya. Na tambaye shi Ladi fa, ya ce in zo in gani, ya kashe waya don kada katinsa ya ƙare. Na rasa ƙane, na rasa wurin aikina, ga shi abin da na saya da su ruwa ya tafi da shi.

Ran Juma'a na nemi izini na taho, na sauka daidai lokacin tashin makaranta. Hanya ta koma shimfiɗe, ko alamar farar ƙasa babu. Na tsaya da jakata ina jiran in ga abin da nake tsoro. Babur ya taho da gudu, da ya iso inda kunyar farko take a da sai ya rage, ya wuce a hankali. Na bayansa ma haka, har yana ɗaga jiki daga sirdi a kan tudun da babu shi. Yara suna tsallakawa a tsakaninsu suna surutu. Sai ga Ladi ta fito daga ƙofar makaranta a kan keken nan na falo, wata ƙaramar yarinya a bayanta, ta duba dama da hagu, ta ratsa hanya ta nufi gida ba ta ma gan ni ba.

A gindin mangwaro kuwa wani mai faci ya kafa sana'a, da famfo da kwanon ruwa da tsofaffin tayoyi, kekunan yara sun jeru suna jiran iska. Ya miƙe ƙafa ɗaya a kan benci, sandarsa a jingine. Kowane ɗan okada in ya rage gudu sai ya ɗaga masa hannu, wasu su sunkuyar da kai su wuce. Bulus ne. Ba wanda ya gaya mini, babanku ya ce wai ya manta. Har yau ban san abin da ke taka musu birki ba, ko sabo ne, ko gaisuwa, ko ganin ƙafar.

Na ƙarasa na gaishe shi. Bai ɗago ba, yana juya tuf ɗin taya a cikin ruwa yana neman inda iska ke fita. Can ya ce:

“Sista, wanne kika ce ran nan? Na gona, ko na ido?”

Ashe tambayar da aka yi mini a ofis ta kai kunnensa. Na ce masa, “Bulus, ni kaina ban sani ba kuma.”

Ya sami hujin, ya danne shi da yatsa. Sannan ya nuna hanya da haɓa, daidai lokacin da wani babur yake lallaɓawa a gabanmu.

“Ruwa ya kwashe naki. Wannan da ya rage, da ƙafana aka yi shi.”

Ya miƙo mini famfo ya ce in riƙe masa, na ajiye jakata a ƙasa na riƙe. Ladi ta gama firamare a kan keken nan, ta yi sakandare, yau ga ta da nata 'ya'yan suna bin hanyar. Kawunku yana nan a gindin mangwaro, mukan gaisa, yakan zo in an yi rasuwa ko biki, amma tuwon yamma bai dawo ba. Shi ya sa in an kira ni Malama Kunya a kasuwa nake amsawa, sai dai nakan waiga tukuna in ga ko yana kusa.